Masu Begen Ƙuruciya, Masu Ƙwace Ta

Tun da Netflix ya fara nuna Stranger Things a 2016, masoyan shirin ke begen ƙuruciyar shekarun 1980: garin Hawkins, yara bisa kekuna, dodo a ɓoye. To, wace ƙuruciya suka bar wa ƴan wasan? A 2017 sun yi wa Finn Wolfhard ca, yana ɗan shekara 14, don bai tsaya gaishe su a ƙofar otal ba. A 2018 cin mutunci ya kori Millie Bobby Brown daga Twitter, ita ma tana ƴar shekara 14. Ɗalibai, kuɗin kallo labari yake saya, ba ya sayen ɗan mutum. Wanda ke kukan ƙuruciyarsa da ta wuce, ya ji kunyar ƙwace ta wani.