"Ina Darasin?": Gardamar da Wani Tsohon Fim Ya Tayar a Gumel

A daren wata Alhamis, bayan an tashi daga kasuwar Maigatari, muka zauna a zauren wani abokinmu a Gumel muka kalli Psycho a kwamfuta. Fim ne na Amurka, baƙi da fari, wanda Alfred Hitchcock ya fitar a 1960. Ko da ya ƙare, zauren ya rabu uku. Mai masaukinmu, wanda fataucin shanu ne sana'arsa, ya ce an ɓata masa dare da fim ɗin talakawa: babu launi, babu motocin a zo a gani, sai tsohon gida ɗaya da masauki ɗaya. Wani malamin sakandare daga Sule Tankarkar ya ce, "Ni fa Alhaji, ba talaucinsa ya dame ni ba. Ina darasin?" Ma'aikacin jinyar da ya zo daga Gagarawa kuwa shiru ya yi, can ya nisa ya ce fim ɗin ya tuna masa da mutanen da ake kawo musu asibiti bayan an gama yawo da su wurin masu magani.

Ina tare da ma'aikacin jinyar, kuma ina ganin sauran biyun sun yi kuskuren da yawancinmu muke yi, har da masu digiri a cikinmu.

Ga labarin a taƙaice. Wata ma'aikaciyar ofis, Marion Crane, ta gudu da dala 40,000 da aka ba ta ta kai banki. Dare da ruwan sama suka tsayar da ita a wani masauki da ba kowa, wanda wani saurayi mai kunya, Norman Bates, yake kula da shi. Ya ce mata yana zaune da mahaifiyarsa marar lafiya a gidan da ke kan tudu. Tun fim bai kai rabi ba aka kashe Marion a banɗaki. A ƙarshe sai ta bayyana cewa mahaifiyar ta mutu shekaru da dama, Norman ne ya kashe ta, ya adana gawar, yana sa tufafinta yana magana da muryarta, har ya zama mutum biyu a jiki ɗaya.

Rabuwar kan da muka yi ba sabuwa ba ce. Lokacin da fim ɗin ya fito, mai sharhi a jaridar Observer ta Landan, C. A. Lejeune, ta fice tun ba a gama ba. Bosley Crowther na New York Times ya fara da kushe shi, sannan a ƙarshen shekarar ya sa shi cikin finafinai goma mafiya kyau. Jama'a kuwa layi suka yi ta yi a ƙofar sinima, duk da sharaɗin da Hitchcock ya kafa cewa ba a shiga bayan an fara.

Bari in fara da ƙorafin Alhaji, domin ya fi saukin amsawa. Gaskiya ne an yi fim ɗin da kuɗi kaɗan. Kamfanin Paramount bai so labarin ba, sai Hitchcock ya ɗauki nauyinsa da kansa, ya yi aiki da ma'aikatan shirinsa na talabijin, a kan kimanin dala 800,000, alhali North by Northwest da ya yi a 1959 ya ci ninkin hakan sau da dama. Jinin da aka gani a banɗakin, ruwan cakulan ne. Kiɗan da Bernard Herrmann ya shirya na kayan tsirkiya ne zalla, dangin goge. To amma mutumin da ya ce fim ɗin na talakawa ne, shi ne ya zabura har ya ture kofin shayi lokacin da aka yaye labulen banɗakin. Fargabar da ke tasowa daga cikin kan ɗan Adam ba ta bukatar jirgin sama ko bene mai hawa goma. Ɗaki ɗaya ya isa, da fuskar da mai kallo ya riga ya amince da ita. Wanda yake auna fim da kuɗin da aka kashe, daidai yake da mai sayen sa don kyan ƙahonsa, kuma Alhaji da kansa ba ya yin wannan ciniki a kara.

Tambayar malam ta fi nauyi, domin ita ce ma'aunin da muka saba. Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar fim ta Hausa ta taso tana kare kanta da kalmomi biyu: faɗakarwa da tarbiyya. Bayan an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kariyar ta zama tilas. Sakamakon haka, mun saba da fim ɗin da ke ƙarewa da dattijo ko malami yana jan kunne, mugu ya tuba ko ya haukace, kowa ya gyaɗa kai ya tashi. Ba na raina nasiha. Abin da nake ja da shi shi ne a ce duk labarin da bai tauna ya ba mu a baki ba, ba shi da amfani. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana ma ba duka suke ƙarewa da hukunta Gizo ba, sau da yawa da ribarsa yake tsira, a bar yaro ya kwana yana tunani.

Abin mamaki, Hitchcock ma ya ji tsoron tambayar malam. Shi ya sa a ƙarshe ya kawo likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya yana dogon bayani a kan abin da ke damun Norman. Masu sharhi da yawa suna ganin wannan ne wuri mafi rauni a fim ɗin, kuma na yarda da su. Hoton da ya biyo baya, na Norman lulluɓe da bargo yana murmushi, muryar uwarsa na magana a cikin kansa, ƙuda na tafiya a hannunsa, ya fi duk jawabin likitan isar da saƙo.

Daga nan gardamar ta koma inda ta fi amfani. Malam ya ce ai in a nan ne, kowa ya san aljanu ne suka shige shi. Ma'aikacin jinyar ya ce, "Malam, da za a kawo mana irinsu da wuri, da yawa da sun koma gona." Wannan musayar ita ce darasin da malam yake nema, kuma fim ɗin ne ya jawo ta. Babu Musulmin da ke musun samuwar aljanu, babu kuma mai hana addu'a da ruƙiyya. Amma addinin da ya koyar da addu'a shi ne ya yi umarni da neman magani. Matsalarmu ita ce duk wanda ya fara magana shi kaɗai, ko ya daina barci, ko matar da ta ƙi jaririnta bayan haihuwa, bayani ɗaya muke da shi a kansu. Daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau a Kano shi ne zangon ƙarshe, bayan an sayar da akuya an sayar da hatsi.

Mun ga inda wannan ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, da yawansu a ɗaure da sarƙa. A watan Oktoba aka gano wani a Daura. Wasu an kai su don shaye-shaye, wasu don ƙiriniya, wasu don larurar ƙwaƙwalwa, kuma galibi danginsu ne suka kai su da hannunsu. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta sauya a takarda. Tunanin da ke cikin zaure bai sauya ba tukuna.

Dole in yi adalci: Psycho yana da nasa laifin. Ya haɗa taɓin hankali da kisa, alhali mafi yawan masu wannan larura ba sa cutar da kowa, su ake cutarwa. Wanda ya kalle shi ya ƙara tsoron mahaukacin unguwarsu, ya ɗauki mummunan karatu. Amma ko wannan gyaran, sai an yi gardamar ake samun damar yin sa. Fim ɗin da kowa ya yarda da shi ba ya buɗe irin wannan ƙofa. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Bhool Bhulaiyaa na 2007, inda dangi suka yi imani fatalwa ce ta addabi gidansu, likita ya gano cuta ce ke damun amarya. Indiyawa ma suna da bokayensu da tsoronsu, ba su kuma fasa yin fim a kai ba.

Saboda haka ƙorafina na ƙarshe ga 'yan Kannywood ne da mu da muke sayen hajarsu a wayoyinmu. A finafinanmu, mai taɓin hankali ko dai abin dariya ne cikin tsumma, ko kuma hukuncin da ya faɗa wa muguwar kishiya. Ba kasafai ake nuna shi a matsayin ɗa ko miji ko malamin makaranta da ciwo ya kama a hankali ba. Rashin kuɗi ba hujja ba ce: gidan ƙasa ɗaya a Gumel, 'yan wasa huɗu da marubucin da ya zauna da likita sun isa. Abin da ya rage shi ne ƙarfin halin barin mai kallo da tambaya, da kuma masu kallon da ba za su yi wa darakta tofin Allah tsine don bai rufe da wa'azi ba.

Mun watse bayan sha biyun dare, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Bayan mako biyu malam ya kira ma'aikacin jinyar a waya, yana tambayar yadda ake kai mutum Kazaure. Ɗan wansa ne, ya yi wata uku ba ya fita daga ɗaki.