A Bar Wa Tsuntsayen Tafkin Geriyo Masauki

Kaka ta ƙare, hunturu ya fara busawa a Jimeta. Shamuwa wadda ta zo da damina ta kama hanyar kudancin Afirka, baƙin ɗari kuma sun fara sauka a fadamun Binuwai. Su ne ƙananan agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu waɗanda ke kiwo cikin taɓo. Daga Turai suke tasowa saboda gudun sanyi, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su zauna har wajen watan Maris. Duk mutumin Gwadabawa ko Jambutu da ya yi sammako zuwa bakin Tafkin Geriyo a watan Nuwamba zai iya ganinsu sun gauraya da 'yan gida, watau zalɓe da balbela da kirinjijiya.

Wasu na ɗaukar kallon tsuntsaye aikin wanda ya rasa abin yi. Ba haka ba ne. Ruwa ba ya tsami banza: tsuntsun ruwa ba ya zama inda babu kifi da ƙwari da ciyawa, saboda haka ranar da ya ƙaurace wa tafki, masunci ya fara shirin naɗe komarsa. A 1969 masu ƙirgan tsuntsaye a Ingila sun lura wani ɗan ƙaramin tsuntsu da ke cin rani a yankin Sahel ya ragu da fiye da rabi. Bincike ya nuna fari ne sanadi, farin nan da ya ƙarasa dabbobi da amfanin gona a Arewa a 1973.

Geriyo kuwa yana fama da nauyi iri iri. Magudanun Jimeta na kwararo masa dauɗa da leda. Manoman rani masu shinkafa da kayan lambu na fesa maganin ƙwari dab da ruwa, ana sare ciyayin gaɓa, yara na bin tsuntsaye da danƙo da tarko. Tun da Kamaru ta kammala madatsar ruwan Lagdo a 1982, cikar Binuwai wadda ke shayar da fadamu ta sake hali. Ba wanda zai ce manomi ya bar gonarsa, gama da ita yake ci da iyali. Amma gubar da ta kashe ƙwaron da tsuntsu ke ci, ita ce ke shiga cikin kifin da ake kai wa kasuwar Jimeta.

Abin da ya sami gauraka ya isa ishara. A da tana yawo garke garke a fadamun Arewa, yau da ƙyar ake ganinta a Nijeriya. A fadamun Haɗeja da Nguru an farga, har aka sa wurin cikin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Geriyo bai kai su girma ba, amma bukatarsa ma ba ta da tsada.

Kamata ya yi Gwamnatin Jihar Adamawa da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda ke kula da noman rani a wurin, su zauna da sarkin ruwa da shugabannin manoma da masu unguwanni, a keɓe wani yanki na gaɓa inda ba noma, ba feshi, ba farauta. A sa raga a bakin magudanu don tare shara. Jami'ar Modibbo Adama kuma ta riƙa tura ɗalibai da madubin hangen nesa suna ƙirga tsuntsayen kowane Nuwamba da Janairu, a rubuta a ajiye, makarantun Gwadabawa su kai yaransu su gani da ido. In an shekara biyar ana haka, littafin ƙirgan zai gaya wa manomi da masunci halin da tafkinsu ke ciki tun gyara bai gagara ba.