Agogon ofis bai san bazara ba

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, ƙorafi ɗaya ne a bakin masu ma'aikatu da shugabannin ofisoshi: wai yara sun lalace. Da an idar da sallar Azahar sai ka ga akawu ya kifa kai a tebur, magini ya ajiye cokali ya nemi gindin katanga, tela ya bar keke ya fito ƙofar shago yana fifita da kwali. Maigida kuwa abin da ya iya shi ne ƙarin tsawa, da ajiye littafin sa hannu a bakin ƙofa, da barazanar yanke albashi. A ganina yana dukan wanda bai dace ba. Mai laifin shi ne jadawalin da ya ce a yi aiki daga ƙarfe takwas zuwa huɗu a watan Afrilu kamar yadda ake yi a Disamba.

A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da rahoto kan zafi da aiki. A ciki ta ce da zarar zafi ya haura digiri 24 zuwa 26, kuzarin ma'aikaci zai fara raguwa, in kuma ya kai 33 zuwa 34, mai aikin ƙarfi matsakaici yana rasa rabin abin da zai iya yi. Ta yi hasashen cewa zuwa 2030 zafi zai cinye kashi 2.2 cikin 100 na sa'o'in aiki a duniya, kwatankwacin aikin mutum miliyan 80, kuma Afirka ta Yamma na cikin yankuna biyu da abin zai fi shafa, da asarar kusan kashi 5. To, mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Yola in ya ji digiri 34 a Afrilu, hamdala zai yi, don abin da ya saba gani ya haura 40. Gaskiya ne busasshiyar iskar Maris tana ɗan taimakawa wajen busar da gumi. Amma a Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse ba ruwa, wannan rangwamen ma babu shi.

Abin da shugabanni ba su cika lissafawa ba shi ne dare. Ma'aikacin da ka ga yana gyangyaɗi da ƙarfe biyu, tun daren jiya aka ci shi da yaƙi. Ɗakinsa na bulo ne da rufin kwano, ya kwashi rana yini guda yana amayar da ita har ƙarfe ukun dare. Ba wuta, ba fanka. Ya fito tsakar gida da tabarma, sauro ya karɓe shi, jariri na kuka saboda ƙurajen zafi. Barcin kirki sai gab da asuba, sannan a ce ƙarfe takwas ya kasance a kujera da fara'a. A da akwai ɗan janareta da ake tayarwa na awa biyu ko uku. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, masu albashi da yawa sun jingine shi a lungu. Su kansu ofisoshin ba su tsira ba: a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, sai ga manaja yana kashe na'urar sanyaya ɗaki a babban zaure ya bar ta ofishinsa, sannan ya fito yana mamakin yadda aiki ba ya tafiya.

Iyayenmu ba su yi wannan gardamar da rana ba. Manomi mai sharar gona a bazara sammako yake yi, kafin rana ta take ya dawo gida, sai da la'asar ya sake fita in akwai saura. Fatake da dare da sanyin safiya suke cin tafiyarsu. Ƙailula sunna ce sananniya, kuma a fiƙihu an so a ɗan jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta. Addinin da ya sassauta lokacin salla saboda rana, da wuya a ce mabiyansa ne za su ga sassauta lokacin cike fom a matsayin ragwanci.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da wuta ma sun sallama. Hadaddiyar Daular Larabawa tun 2005 take hana aiki a fili da tsakar rana, yanzu tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Saudiyya tana da irin wannan doka daga sha biyu zuwa uku. Ƙatar, bayan sukar da ta sha kan mutuwar leburori 'yan ci-rani a shirin gasar cin kofin duniya, ta faɗaɗa tata a 2021, daga goma na safe zuwa uku da rabi. A Sifaniya kamfanoni da yawa kan koma aiki a jere daga takwas zuwa uku a watannin zafi, kowa ya tafi gida. Japan kuma a 2005 ta ce wa ma'aikatanta su ajiye kwat da lakataye. Wannan na ƙarshen ya kamata bankunanmu su ji, domin har yau akwai matashin da ke yawon neman kwastoma a Kantin Kwari cikin baƙar kwat da tsakar rana, kamar wanda ake horo.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar kasafin kuɗi. Daga Maris zuwa Mayu ofisoshin gwamnati su buɗe ƙarfe bakwai su tashi ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu. Aikin da ke bukatar nutsuwa, irin su lissafi da rubuta rahoto da taro, a tura shi safiya. A wuraren gini a fara bayan asuba, a tsaya da sha ɗaya, a dawo bayan la'asar. Injiniyoyi ma sun san kankaren da aka zuba da tsakar rana saurin bushewa yake ya tsage, ke nan ko don ginin ya kamata. A masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da gidajen burodi da shagunan walda, inda zafin inji ke haɗuwa da na sama, a riƙa karɓa-karɓa, a ajiye randa ko kula cike da ruwa kusa da hannu. Dokar masana'antu ta Najeriya ta riga ta wajabta iska da ruwan sha a wurin aiki. Masu duba ta ne ba a gani.

Kada a ce ba a taɓa taɓa agogon ba. Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disamban 2021. Jigawa da wasu jihohi kan rage sa'o'in aiki a Ramadan, kuma ba a ji gwamnati ta durƙushe ba. Sai dai a lura: shekarun nan azumi ya yi ta faɗowa cikin bazara, sassaucin da aka yi don azumi sai ya zama na zafi ba tare da an yi niyya ba. Yanzu Ramadan yana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, ya nufi lokacin sanyi. Sassaucin zai bi shi, Afrilu kuwa yana nan inda yake.

Na san inda za a soke ni. Akwai ma'aikatan da ko a hunturu ba sa kaiwa sha biyu a ofis, waɗannan za su karɓi sabon tsarin hannu bibbiyu su ƙara da nasu. Haka ne, amma maganinsu shugaban da ya san fayil nawa ya kamata a gama a mako, ya kuma tambaya ranar Juma'a. Littafin sa hannu bai taɓa kama su ba. Asibiti da caji ofis ba sa rufewa, nasu sai dai a gyara karɓa-karɓa. Uwar da za ta kai yara makaranta kafin ta wuce aiki, sai an daidaita lokacin makarantun da na ofis, in ba haka ba an ƙara mata wahala ne.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗan dako a Dawanau ko Singa, da lebura mai karɓar kuɗin yini. In aka ce ya huta awa uku ba a biya shi ba, an rage masa cefane ne, kuma ba zai huta ba. Dole hutun ya shiga cikin jinga, shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin leburori su tsaya a kai. Abin ya wuce batun riba: a farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu. Hukumar NiMet tana fitar da gargaɗin zafi kowace bazara, ana karantawa a rediyo, washegari kowa ya fita a lokacin da ya saba. Shugabannin ma'aikata na jihohi su ɗauki wannan gargaɗin su mayar da shi takardar umarni, ta fito tun Fabrairu, da ranar farawa da ranar ƙarewa.