Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Kwamfuta Na Ƙasar Gumel: Ku Tokare Katin Hoto Tun Bai Lotsa Ba



Gaisuwa ta musamman ga ogannin sana'a da yaran shago, masu gyara da haɗa kwamfuta a cikin garin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.  Na rubuto muku ne a kan wani ɗan ƙaramin aiki wanda bai kai minti goma ba, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, amma rashinsa yana jawo wa mutanenmu asarar dubban ɗaruruwan naira. Aikin shi ne tokare katin hoto, wanda muke ce wa girafik kad a shago, bayan an kafa shi a cikin kwamfutar tebur.

A da ba mu da wannan damuwa. Yawancin injinan da ke zuwa hannunmu na buga takarda ne da cike fom, irin na shagunan da ke kusa da Kwalejin Ilimi ta Gumel da na cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Waɗannan ba sa buƙatar katin hoto, in ma an sa, ƙarami ne mai ɗan fanka guda. Yanzu kuwa masu kawo mana aiki sun ƙaru. Akwai mai tace bidiyon biki da na hawan salla, akwai mai gidan hoto, akwai mai zana fasta da bana, akwai ɗalibin zanen gini, akwai matashin da ke neman abincinsa ta intanet. Duk waɗannan kati mai ƙarfi suke so, kuma katin yau ba irin na jiya ba ne. RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a watan Oktoba na 2022 ya haura kilo biyu, tsawonsa ya wuce santimita 30, yana shan wuta wat 450. Na san ba shi ne ke yawo a shagunanmu ba, amma ƙannensa masu fanka biyu da uku, irin su RX 580 da RTX 3060 da RTX 3070, suna shigowa daga Kano, kuma nauyinsu ya isa ya yi ɓarna.

Ku dubi yadda katin yake zama. Madabod yana tsaye a jikin kesin, katin kuma yana kwance, ya miƙe a sarari. Wuri biyu kaɗai ke riƙe da shi: ramin PCIe da ya shiga, da kunnen ƙarfen da ake ɗaure wa sukuru a bayan kesin. Dukansu suna gefe guda. Can ƙarshen katin, ta wajen gaban kesin, inda ƙarfen sanyaya da fanka suka fi nauyi, babu abin da ke ƙarƙashinsa. Duk maginin gargajiya ya san azarar da aka shimfiɗa a ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi: ba ranar da aka yi rufin take karyewa ba, a hankali take lotsawa, damina bayan damina. Haka katin yake yi. Kusurwar nan ta ƙarshe tana sauka kaɗan-kaɗan, allon katin yana lanƙwasa, ramin madabod yana shan ja.

Inda ɓarnar take, ido ba ya gani. Babban cif ɗin katin da ƙananan cif-cif na ma'ajiya da ke kewaye da shi ba ƙafafu gare su ba, a kan ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma suke zaune. Tun 2006, da Tarayyar Turai ta hana sa baƙar dalma mai guba a yawancin kayan lantarki, kamfanoni suka koma amfani da wadda akasarinta kuza ce, ita kuwa ta fi ta tauri, ba ta jure lanƙwasa. Idan katin yana aiki sai ya yi zafi ya buɗa, in an kashe ya huce ya tsuke. A ƙasarmu, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan buɗawa da tsukewa ta fi yawa. Ku haɗa ta da nauyin da ke jan allon ƙasa dare da rana. Ƙwayoyin da suka fi kusa da ramin PCIe su ne kan fara tsagewa, wani lokaci kuma allon kansa ne ke darewa daidai ɗan harshen nan da makullin ramin ke kamawa, ya tsinka hanyoyin wuta da ke cikinsa.

Alamomin kun san su. Zane-zane da ɗige-ɗige masu launi a fuskar allo. Allo ya yi baƙi ana tsakiyar fitar da bidiyo, fanka kuma ta ɗau gudu. Windows ta nuna lamba 43 a kan katin. Yau ya kama, gobe ya ƙi, in an ɗan ɗaga shi da yatsa ya dawo. Da yawa daga cikinmu sai mu sake zuba Windows, mu canza ram, mu zargi wuta, alhali ciwon yana ƙarƙashin cif. In abu ya kai nan, gyaransa na gaskiya sai da injin ɗaga cif da sake jera ƙwayoyin dalma, aikin da ba kowane shago ke da kayansa ba ko a Kano. Saboda haka maganarmu ta riga-kafi ce.

Ga yadda nake roƙon ku riƙa yi. Ku kwantar da kesin a kan tebur kafin ku sa katin, madabod yana kallon sama. Ku danna katin a miƙe har sai kun ji makullin ramin ya kama. Ku ɗaure sukuru duka, biyu ne ko uku, kada ku sa ɗaya ku ce ya isa, kuma ku ɗan tallafi ƙarshen katin da hannu lokacin da kuke ɗaurewa domin ya ɗauru a daidai. Sannan ku tayar da kesin, ku durƙusa ku dubi katin ta gefe, ku gwada shi da layin madabod ko ku ɗora rula. In ƙarshensa ya sauka ko da kaɗan, a tokare shi. In mai fanka uku ne, a tokare shi ko bai sauka ba, domin zai sauka.

Madogarar da za a tokare katin da ita, a ƙarƙashin kusurwar ƙarshe ake kafa ta, wadda ta fi nisa da madabod da kuma bayan kesin. Ta taɓa jikin murfin katin mai ƙarfi, kada ta taɓa fiffiken fanka, kada ta toshe hanyar iska. Ku juya fankar da yatsa ku tabbatar tana yawo ba ta gogar komai. Abu mafi muhimmanci: a daidai ake tsayawa. Kada a ɗaga katin ya wuce layinsa, domin tura shi sama da ƙarfi yana ɓata ramin kamar yadda saukarsa ke yi. Wanda ya riga ya daɗe a lanƙwashe kuma, a ɗaga shi a hankali, kada a ce sai ya miƙe a take.

Manyan katuna sababbi sukan zo da madogararsu a cikin kwali. Ku yi amfani da ita, kada ku bar ta a durowa. Na hannu kuwa da wuya su zo da komai, amma wannan ba hujja ba ce. Guntun bututun roba na masu aikin famfo, a yanka shi daidai tsawon da ake so, ya wadatar. Busasshen katako daga wurin kafinta, a goge shi sumul, shi ma ya yi. Dogon sukuru da noti biyu daga wurin mai walda ya fi su daɗin aiki, domin ana iya murza shi sama ko ƙasa, amma a lulluɓe kansa da roba, a kafe gindinsa da kyau, saboda ƙarfen da ya faɗi a kan madabod ana cikin aiki ya gama da injin. Kowace iri kuka zaɓa, ku manne gindinta da gam ko tef mai fuska biyu. Ku guji kwali da takarda da soso da farin kumfan da ake cusawa a kwalin talabijin: suna laushi, suna tara ƙura, ba sa jure zafi. In kesin ba shi da wurin kafa madogara, a ɗaure kusurwar da igiyar roba mai ƙarfi a rataye ta a rufin kesin. In kuma teburin mai injin yana da faɗi, kwantar da kesin gaba ɗaya yana kawar da matsalar, muddin ba a toshe masa iska ba.

Ku lura da wayar wutar katin. Sau da yawa ita ce ke ƙara jan sa ƙasa, in an biyo da ita ta ƙarƙashi an ɗaure tam. Ku biyo da ita ta sama, ku bar mata sarari. Sababbin katuna masu filogi mai baki 16 suna buƙatar ƙarin kula. An samu rahotannin narkewar irin wannan filogi a ƙasashe da dama a ƙarshen 2022, kuma babban dalilin da aka gano shi ne rashin danna shi ya shige duka. Ku tura shi har ƙarshe, kada ku lanƙwasa wayar daf da bakinsa.

Sai maganar hanya, wadda a ganina ita ce babbar matsalar yankinmu. Injin da aka haɗa a Beirut Road a Kano zai yi tafiyar kilomita kusan 120 kafin ya iso Gumel, ta Gezawa da Gujungu, a but ɗin mota tare da buhuna. Daga tasha ya hau babur ko a-daidaita-sahu zuwa shago, wani ma ya wuce ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa ta hanyar burji da rairayi. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, wani ya tsallaka da shi Nijar. Rami guda da mota ta faɗa da gudu yana iya yi wa kati mai nauyi abin da zaman shekara biyu bai yi masa ba. Madogara ba ta isa ta kare wannan ba, domin girgizar hanya sama da ƙasa take jifa. Ƙa'idar ita ce a cire katin kafin tafiya, a sa shi a ledarsa mai ruwan azurfa, a naɗe a kwali, a riƙe shi a cinya. In ba yadda za a yi a cire, a kwantar da kesin madabod yana ƙasa, a shimfiɗa masa bargo. Kada ku bar kowa ya fita daga shagonku da kesin a tsaye a bayan babur, kati yana lilo a ciki.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabo. Tana cika ƙarfen sanyaya, zafi ya ƙaru, tsagewar dalma ta yi sauri. A riƙa busawa da bulowa, amma a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kesin kuma a ɗora shi a kan tebur, ba a ƙasa ba. A busasshiyar iskar hunturu jikin mutum yana tara lantarki, irin wanda kan ɗan ja ka in ka taɓa ƙofar mota, kuma yana iya kashe cif. Ku taɓa ƙarfen kesin kafin ku taɓa kati, ku riƙe shi ta gefe, kada ku sa yatsa a kan haƙoransa masu ruwan zinare.

Haka nan ku faɗa wa mai saye gaskiya game da abin da injinsa zai iya ɗauka. Ramin PCIe wat 75 kaɗai yake bayarwa, filogi mai baki shida ya ƙara 75, mai baki takwas ya ƙara 150. Ƙananan injinan ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, da ƙaramin fawa saflai aka yi su, ba don babban kati ba. Ga mai zanen fasta da gyaran hoto, GTX 1650 ko GTX 1050 Ti sun ishe shi: ba su da nauyi, yawancinsu ba sa neman ƙarin waya, kuma ba sa wahalar da inbata ko janareto. Sayar masa da abin da ya fi ƙarfin bukatarsa ɗora masa nauyi ne, a aljihu da kuma cikin kesin.

Idan za ku sayo na hannu, ku buɗe ido. Bayan da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto a watan Satumba na 2022, katunan da suka shekara suna aiki ba hutu sun cika kasuwannin duniya, wasu kuma sun iso mana. Ku ɗaga kati ku dubi gefensa a haske ko ya lanƙwashe. Ku duba harshen da makulli ke kamawa ko akwai tsaga. Ku duba bayan allon ko ya canza launi. Ku sa shi aiki mai nauyi da FurMark na rabin awa, kuna kallon zafinsa a GPU-Z, kafin ku biya kuɗi.

A nan zan yi magana da babbar murya. Hura wa mataccen kati iskar zafi irin ta masu gyaran waya yakan farfaɗo da shi na kwanaki ko makonni, sannan ya sake mutuwa. Wanda ya yi haka ya sayar a matsayin lafiyayye ya yi algus, kuma addininmu ya hana. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kati guda ya zama jarin mutum gaba ɗaya. Wani adashi ya ɗauka, wani akuyoyin mahaifiyarsa aka sayar. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, wanda ka cuta yau da shi za ka yi sahu gobe a masallaci.

Ogannin sana'a, ku koya wa yaranku wannan tun ranar da suka fara riƙe sukundireba. Ku nuna wa mai injin madogarar, ku gaya masa amfaninta, ku ce kada ya cire, kuma ya kira ku kafin ya yi tafiya da injin. Kada tsoron rasa aikin gyara ya sa ku ɓoye ilimi. Mutumin da injinsa ya shekara biyar lafiya shi ne zai turo muku ɗan'uwansa da abokinsa da maƙwabcinsa. Duk injin da ke shagonku a yau, ku buɗe shi ku duba katinsa kafin ya fita.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya ba mu halal mai yalwa, ya tsare mu daga cin amana.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a.