Majinar Zomo Ba Ta Jin Ruwan Kwalba

Duk mai bin tashoshin mota na Agege da Sabon Ibadan ya san masu tallar magungunan itatuwa na kwalba, waɗanda ake cewa suna ƙara wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ba mutane kaɗai ake saya wa ba, har da dabbobin gida. Magidanci zai ji labari daga Awe, can Jihar Nasarawa, cewa zomon yaransa yana atishawa, sai ya sayi kwalba ya ba direban Lafiya ya kai, zuciyarsa fes, yana ganin ya sauke nauyi. Alhali kuwa bai sauke ba.

A gidajen Awe da Tunga da Azara zomo ba abin wasa ne kawai ba. Sau da yawa shi ne dukiyar farko da yaro ke mallaka, ya yanko masa ciyawa kafin ya tafi makaranta, ya sa masa suna, ya sayar da 'ya'yansa ya sayi littafi. Cikin zomanya wata ɗaya ne kacal, saboda haka gidan da ya fara da biyu kan wayi gari da keji cike. Mutuwar irin wannan dabba hasara ce ta kuɗi, kuma ɓacin rai ne ga yaro.

Ciwon da ya fi kama hancin zomo wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci ke kira Pasteurella. Zomaye da yawa suna ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, uwa ma takan sa wa 'ya'yanta. Tana tashi ne sa'ad da dabba ta galabaita, ko da ƙurar hunturu, ko da zafin Maris da Afrilu wanda kowa ya san yadda yake a kwarin Binuwai, ko kuwa da zarnin fitsari a kejin da iska ba ta ratsawa. Alamunta su ne atishawa, da farar majina, da hawaye, da gashin ƙafafun gaba da ke cukurkuɗewa saboda yawan share hanci. In aka yi sakaci sai ta gangara huhu, ko ta shiga kunne har wuya ya karkace. Abin lura shi ne zomo da hanci yake numfashi. Ran da aka ga ya buɗe baki yana neman iska, to, magana ta kusa ƙarewa.

Ba wanda ke raina ganye. Zogale abinci ne mai kyau ga zomo, haka harawar gyaɗa da ta wake in ba su yi fumfuna ba, kuma dabbar da ta ƙoshi ta fi jure ciwo. Amma abinci daban, magani daban. Ƙwayar da ta riga ta yi sheƙa a cikin hanci ba ta barin wurin don an ɗiga ruwan ganye a kasko. Masu saye su riƙa karanta jikin kwalba: da yawa daga cikin waɗanda ke da lambar hukumar NAFDAC suna ɗauke da rubutu cewa hukumar ba ta tantance abin da aka ce maganin yana yi ba. Wannan kuwa ga ɗan Adam ke nan, balle ga dabba mai nauyin kilo 2 wadda ba a yi awon da ita ba. Ga shi zomo ba ya iya amai. Abin da aka ɗura masa ya zauna ke nan, in ma bai shaƙe shi ya wuce huhu ba.

Babbar ɓarnar kwalba ita ce cin lokaci. Kwana biyar ɗin da za a yi ana jiran ta yi aiki, a cikinsu ne ciwon ke bin sauran kejin.

Wannan ba izini ba ne a ruga kemis. Kafso na ampicillin ko amoxicillin, wanda mutane ke sha kamar gyaɗa, yana iya kashe zomo in an ba shi ta baki, domin yana rushe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji. Akwai magungunan da suka dace da shi, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa, ya auna, ya faɗi kwanakin da za a yi. Kafin a kai gare shi, a ware marar lafiya, a wanke keji, a sa shi a inuwa inda iska ke wucewa. Zomon da ya yini bai ci kome ba, ba a kwana da shi a gida ana shawara.

Akwai kuma abin da ya shafi mazauna Kudu kai tsaye. A shekarar 2020 aka tabbatar da ɓullar annobar zubar jini ta zomaye a Nijeriya, a Jihar Kwara da wuraren kiwo na Kudu maso Yamma. Wannan cuta, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, tana kashewa farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci, kuma tana bin keji da buhu da takalmi. Ba ta da magani, na bature ko na gargajiya, sai rigakafi. Saboda haka wanda zai kai wa yara tsarabar babban zomo daga Ibadan lokacin Salla, lalle ne a tsare shi shi kaɗai har wata guda kafin a gama shi da na gida.

Hukuma ma tana da nata rabo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, akwai kwalejin aikin gona a Lafiya, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don kiwo. Amma in ana zancen kiwo, shanu ake nufi, sai tumaki da kaji. Ƙaramar dabbar mata da yara ba ta cika samun mai ambatonta ba. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Awe ta sa malaman dabbobi su riƙa zama a kasuwa ran da take ci, su duba zomaye, su koya wa yara alamun ciwo da yadda ake kafa keji. Ƙungiyoyin 'yan Nasarawa da ke Ikko da Ibadan suna da bakin da za su nemi haka a rubuce. Kafin nan, kuɗin kwalba biyu a aika da su gida a sayi ragar waya, abin da ya ragu a yi kuɗin mota zuwa wurin likita.