Rumfunan da Ba Kowa a Kasuwanninmu: Haƙƙin Talaka ne Ya San da Su

Gabatarwa

Kowace ƙaramar hukuma a Jihar Kano tana da kasuwanni da tashoshin mota a ƙarƙashinta, a cikinsu kuma akwai rumfuna da shaguna da filaye waɗanda ita ke ba da su haya. A kowane lokaci akan sami waɗansu daga cikinsu babu kowa, ko dai mai su ya rasu, ko ya yi ƙaura, ko jari ya karye, ko kuwa sababbi ne ba a raba ba tukuna. Tambayar da wannan ɗan rubutu zai ɗauka ita ce: wa ya kamata ya san da waɗannan wurare? Ra'ayina shi ne wajibi ne majalisa ta rubuta jerinsu, ta manna inda kowa zai gani, ta kuma sa a yi shelarsu da Hausa ranar kasuwa. Zan kafa misali da ƙasar Dawakin Kudu da maƙwabtanta, wato Kura da Bunkure, domin a can ne bukatar ta fi fitowa fili.

Ruwan Tiga da Cinikin da Ya Haifar

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin shekarar 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, kana a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ke kula da ita. Daga wannan madatsa ne aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kura da Kadawa ta ƙasar Garun Malam. Tun daga lokacin manomin wannan yanki ya daina zaman jiran damina. Da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatir da alkama da albasa da masara. Garin Kura, wanda a da aka fi saninsa da rini, har ake kiran baƙin rawani ɗan Kura, ya koma cibiyar gyaran shinkafa da cinikinta.

Noma irin wannan kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Yana jawo mai sayar da iri da taki da maganin feshi, da mai gyaran injin ban-ruwa, da mai kwanduna da buhuna, da mai abinci, da mai shayi. Kowanensu yana bukatar wurin da zai ajiye kayansa, kuma yana bukatarsa a kan lokaci, domin tumatir ba ya jiran kowa. Wanda ya sami rumfa bayan an gama tsinka, ya sami inuwa ce kawai.

Har ila yau cinikin yankin mai hawa da sauka ne. A shekarar 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, a wannan shekara kuma tsutsar nan mai cin tumatir ta auka wa gonaki, har masana'antar ta tsaya saboda rashin kaya. A wurin da arziki ke zuwa ya koma haka, dole ne rumfuna su riƙa sauya hannu, wani ya fita, wani ya nemi shiga. Ga kuma birnin Kano yana ta miƙowa kudu ta hanyar Zariya. A 2024 an mai da masu sayar da magunguna sari daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a kan wannan hanya, wadda ita ce ta ratsa Tamburawa ta ƙasar Dawakin Kudu ta nufi Kura. Duk inda birni ya doso, shago kan yi daraja, masu kwaɗayinsa kuma su yawaita.

Rumfar ta Wane ce?

Kafin gyaran fasalin ƙananan hukumomi na 1976, sha'anin kasuwa yana hannun En'e ne, ta hanyar hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa. Bayan gyaran sai ya koma hannun majalisun ƙananan hukumomi. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, haka kuma sa ido a kan shaguna da kantuna da gidajen abinci.

Abin lura a nan shi ne, hukumar da ke karɓar kuɗin haya ba za ta rasa littafin da take rubuta masu biya ba. In akwai littafin masu biya, to, akwai sanin wuraren da ba a biyan kome a kansu. Saboda haka ba sabon aiki ake nema a ɗora wa akawu ba, abin da ke cikin rijista ne ake so ya fito bakin ƙofa. Rumfar kuwa da kuɗin jama'a aka gina ta, a kan filin jama'a. Shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aji masu riƙon amana ne, mai riƙon amana kuma ba shi da ikon ɓoye wa mai kaya lissafin kayansa.

Illar Rufa-rufa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan sanin rumfar da ba kowa ya tsaya a tsakanin mutum uku ko huɗu, to, sanin kansa ya zama haja. Wanda ya riga kowa ji shi zai karɓi takarda, ko da bai taɓa auna mudu ɗaya ba, sa'an nan ya juya ya ba ɗan kasuwa na gaskiya haya a kan ninkin abin da yake biyan hukuma. Ya zama ke nan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka fi cutuwa su ne marasa uwa a gindin murhu: saurayin da ya gama koyon gyaran inji yana neman wurin kansa, da matar da ke turara shinkafa tana son inda yaronta zai zauna ya sayar, da baƙon da ya zo cin rani.

Ita kanta hukuma tana asara. Shagon da ya shekara a kulle bai kawo ko kwabo ba, alhali ga mai nema yana yawo. Wanda kuma aka rubuta babu kowa a littafi, amma ga mutum a ciki yana biyan wani, kuɗinsa ya bi wata hanya dabam. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Majalisar da ke neman a sakar mata mara daga sama, ya kamata ita ma ta nuna wa na ƙasa abin da ke hannunta.

Illa ta uku ita ce rigimar da kan biyo baya. A watan Yuni na 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta raba filin ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wannan magana ce ta jiha, ba kuma nufina in yanke hukunci a tsakanin gwamnatocin biyu ba. Darasin dai shi ne, rabon da jama'a ba su shaida ba yana iya rushewa ranar da mulki ya sauya hannu, kuma a kan ɗan kasuwa ginin ke faɗowa.

Abin da Doka Ta Tanada

A ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta ba kowane mutum ikon neman bayani daga hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta ba da amsa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, in kuma da baki ya nema, wajibi ne ma'aikaci ya rubuta masa ya ba shi kwafi. Ba a karɓar kome daga gare shi sai kuɗin kwafar takarda. Wanda aka hana yana iya zuwa kotu, in aka tabbatar an hana shi ba bisa haƙƙi ba, akwai tarar naira 500,000.

Shekaru da dama jihohi suna cewa wannan doka ta Tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A ranar 11 ga Afrilu, 2025, Kotun Ƙoli ta kashe wannan magana a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, inda ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai shayin Tamburawa ba zai ɗauki lauya saboda rumfa ba. Amfanin dokar a wurinsa shi ne ta tabbatar cewa bayanin nasa ne. Majalisa mai hikima ba za ta jira a zo mata da takardar nema ba, ita za ta fitar tun ba a tambaye ta ba.

Hujjar Masu Ƙi

Akwai masu cewa bayyana wurin da ba kowa gayyatar ɓarayi ne da 'yan shaye-shaye. Wannan hujja ba ta banza ba ce. A Ingila, inda irin wannan doka ta fara aiki sosai a 2005, majalisu da yawa suna buga jerin wuraren kasuwancin da ke ƙasarsu, amma waɗansu sun ƙi bayyana waɗanda ba kowa saboda tsoron ɓarna, har kotu ta goyi bayan wasunsu. To, amma can yawanci gine-ginen mutane ake magana a kai, a manyan birane inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. A kasuwar ƙauye kuwa, ɓarawo da idonsa yake ganin rumfar da ciyawa ta fito a bakinta. Wanda ke cikin duhu shi ne mai neman halal, wanda bai san ko an bayar ba, ko nawa ne, ko wa zai tambaya. Maganin kangon shago kuma shi ne a sa mutum a ciki.

Waɗansu kuma za su kawo maganar sirrin mutane. Ita ma dokar ta kare wannan, ni ma ban ce a fallasa bashin wani ko a lissafa shagunan da mutane suka gina da kuɗinsu ba. Magana a kan dukiyar hukuma take: lambar rumfa, da kasuwar da take, da girmanta, da kuɗin hayarta a shekara, da tun yaushe ta zama ba kowa, da ranar rufe karɓar takardun nema.

Yadda Za A Yi

Abin bai fi ƙarfin kowace majalisa ba. A kafa allon sanarwa a sakatariya da bakin kowace kasuwa da ƙofar dagaci, a riƙa sabunta jerin duk wata uku, musamman gab da shigar noman rani. A ba da isasshen lokacin nema. In masu nema sun fi wurare yawa, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, gaban sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa da na manoma, kana a manna sakamakon. Wanda ya karɓa ya kulle, ko ya ba wani haya, a karɓe a sake shelarta. Mai son a sa jerin a intanet ko a aika ta waya, madalla, amma allo da shela su ne tushe.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu, mu ɗaliban Hausa. Sanarwar da aka rubuta da Turanci aka manna a cikin ofis, da ita da babu duk ɗaya ne a wurin yawancin masu cin kasuwar Bunkure. A rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a kuma sa mai shela ya karanta ta ranar kasuwa, kamar yadda kakanninmu ke isar da umarnin sarki tun kafin zuwan Turawa. Mu da muke koyon fassara da ƙa'idojin rubutu, babu abin da zai hana mu fassara muhimman sassan dokar 2011 cikin Hausa mai sauƙi, mu tsara samfurin takardar neman bayani, mu kai wa ƙungiyoyin 'yan kasuwa na garuruwanmu lokacin hutu. Ina roƙon malamanmu su duba yiwuwar sa wannan a cikin aikin jinga na darasin fassara.

Kammalawa

Ruwan Tiga kansa da tsari ake sakinsa, manomi ya san ranar da zai iso layinsa, da zarar kuwa an daina sanin ranar sai faɗa ya tashi a bakin magudana. Haka sha'anin rumfa yake. Ina kira ga majalisun Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, da sauran ƙananan hukumomin Jihar Kano baki ɗaya, su fito da jerin wuraren kasuwancinsu da ba kowa kafin noman rani mai zuwa. Shugaban da ya fara yin haka zai ƙara kuɗin shiga, ya kuma wanke kansa daga zargi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya sa mu san haƙƙinmu, amin.