GIRGIZAR ƘASA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jama'a, duk wanda ya san ƙasar Obi ta Jihar Nasarawa ya san akwai kwal a ƙarƙashinta, ya kuma san gishirin maƙwabtanta, Keana da Awe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan arziki yana kwance ne cikin wata tsohuwar tsaga da masana ke kira Kwarin Binuwai, wadda ta samu shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Tsagar ta daɗe da lafawa, amma tabonta yana nan cikin duwatsu.

Mun saba cewa girgizar ƙasa masifar wasu ce can nesa. To, a watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna, har bangayen gidaje suka tsage. A Satumban 2018 ta motsa a Mpape ta Abuja. Dukansu biyu kuwa ba nesa suke da iyakar Nasarawa ba. A ƙasar Gini ma, girgizar Disamban 1983 ta hallaka ɗaruruwan mutane.

Yaya abin yake faruwa? A ɗauki amalanke mai kaya da ta kafe a laka. Shanu suna ja, igiya tana ƙara ɗaurewa, amalanke ba ta motsa ba, sai can ta fizge gaba ɗaya. Haka ɓangarori biyu na tsaga suke: ana tura su a hankali, kaushin dutse yana riƙe su, matsi yana taruwa shekara da shekaru, ranar da ya fi ƙarfin riƙon sai su zame. Wani Ba'amurke, Harry Reid, shi ya bayyana wannan bayan girgizar San Faransisko ta 1906.

Yau kwamfuta ke wannan lissafi. Akan ba ta tsawon tsaga da zurfinta, da ƙarfin dutsen, da saurin motsin ƙasa wanda ake aunawa ta tauraron ɗan Adam, sannan ta nuna inda matsi ya taru. Ta kuma nuna cewa matsin da ya sauka a wuri guda yakan koma kan maƙwabcinsa, kamar mutanen da suka ɗauko gungume: in ɗaya ya saki, na kusa da shi ke jin nauyi. A ƙasar Turkiyya, tun daga 1939 manyan girgize-girgize suka yi ta tafiya yamma a kan tsaga guda. A 1997 Ross Stein da abokan aikinsa suka lissafa cewa nauyi ya ƙaru wajen garin Izmit. Ran 17 ga Agusta, 1999, ƙasa ta girgiza a can, mutum fiye da 17,000 suka rasu.

Sai dai fa na'ura ba boka ba ce. Tana nuna wuri, amma ba ta faɗin rana ko sa'a. Wannan sanin na Allah ne. Kuma abin da aka ba ta da shi take aiki. Ƙasarmu tana tsakiyar faranti ne, inda matsi ke taruwa sannu a hankali ƙwarai, saboda haka sai an daɗe ana awo kafin lissafi ya yi ma'ana.

Muna kira ga Hukuma ta ƙarfafa cibiyar nan ta Toro a Jihar Bauchi mai lura da motsin ƙasa, a kuma yawaita na'urorin awo a Kwarin Binuwai, tun daga Lafiya da Obi har Awe. Masu ba da izinin gini su tabbatar ana zuba siminti da rodi yadda ya kamata, domin yawanci gini ne ke faɗo wa mutane ya kashe su. Wannan ba maganar tayar da hankali ba ce. Masu iya magana dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.